Ashe injin ne ya fi lezar tawa sauri

Kusan wata uku na yi ina zargin kaina a lab, kullum in daidaita madubai, in goge gilasai, in sake kunna leza, amma siginar nan ta ƙi fitowa yadda nake so.

Abin da muke nazari shi ne wasu ƙananan injina na molekul (wato 'yan ƙwayoyin zarra da suka haɗu wuri ɗaya) da haske ke juyawa, irin wanda Ben Feringa da mutanensa suka fara ƙerawa a Groningen a 1999, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2016. Ɓangare biyu ne haɗe da ɗauri mai ninki biyu tsakanin kabon da kabon, haske ya buga sai ya murɗe, zafi ya ƙarasa tura shi, a mataki huɗu ya kammala zagaye kuma gefe ɗaya kawai yake bi. Yawanci cikin ruwan sinadari ake kallonsa, to amma a can maƙwabta, wato molekul ɗin ruwan da ke kewaye da shi, sun yi masa yawa, ba ka sanin wanne ne halinsa na kansa. Shi ya sa muke ware shi. Mu cuɗa shi da garin girafait, leza ta ɗaga shi, iskar argon ta kwashe shi zuwa cikin bututun da aka zuƙe wa iska, nan take ya huce zuwa 'yan digiri kaɗan a ma'aunin Kelvin, wato dab da ƙarshen sanyin da zai yiwu. Wallahi wannan matakin har yau yana burge ni.

Dabarar ita ce ƙwayar haske ta farko daga leza ta ƙara wa molekul ɗin kuzari, ta biyu ta fizge masa elektron (ƙwaya mai cajin lantarki) sannan mu ƙirga waɗanda aka fizge wa. Ni kuma sirarun layuka nake jira a zanen sakamakon, masu nuna launukan hasken da molekul ɗin ya sha, sai ga wani faffaɗan tudu mara ƙarfi a allon kwamfuta. Na kai wa malamina ina ba da haƙuri, ya daɗe yana kallo sannan ya ce, kai, lezarka a nanosakan (kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa) take aiki, shi kuma molekul ɗin cikin fikosakan (kashi ɗaya cikin dubu na nanosakan) ko ƙasa da haka ya riga ya fara murɗewa, ta ina ƙwayar haske ta biyun za ta riske shi?

Ranar na gane cewa faɗin layin kansa awo ne, duk yanayin da molekul ya shiga da bai daɗewa layinsa faɗi yake yi. Na sha karanta wannan a aji, na amsa shi a jarrabawa ma, amma da ya bayyana a gabana ban gane shi ba, don na riga na yanke yadda sakamako mai kyau zai kasance. Washegari na koma tsoffin fayilolin da na ajiye da sunan marasa amfani, na fara auna faɗinsu ɗaya bayan ɗaya.