Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ni da Tsakar Gidana

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin mun tsaya ne a inda muka tare a gidanmu na kanmu bayan shekara 11 muna haya, nace muku akwai labarin tsakar gida, to yau ga shi.

Duk wanda ya taɓa zaman haya ya san ciwon nan, ƙusa ma idan zaka buga sai ka tuna da mai gida balle kace zaka haƙa rami ka dasa bishiya. Ni kuwa tun ina ƙarama Allah ya ɗora min son shuke-shuke, a gidan hayar ma gwangwanayen fenti da fasassun bokitai na jera a gindin taga ina ta fama da su. Shiyasa ranar da muka tare kowa na leƙa ɗakuna ni ina waje ina kallon fili, wajen mita 12 a tsawo 8 a faɗi, ba komai cikinsa sai ɓaraguzan bulo da busasshen siminti da tulin yashin da magina suka bari, amma wallahi a idona lambu nake gani.

Shekarar farko gaggawa ta ci ni. Ban tambayi kowa ba na kwaso fulawoyi kala-kala na jera su a kusurwar da ke jikin bangon falo saboda nan ne baƙo zai fara gani idan ya shigo, ashe nan ne wuri mafi kwari a duk gidan. Ruwan sama na farko mai ƙarfi da aka yi duk ruwan gidan can ya tafi ya kwanta, har idon sawu, ya kwana 3 bai tsotse ba, fulawoyin suka yi rawaya suka ruɓe tun daga saiwa, bangon falo ya jiƙe ta ciki fenti ya dinga kumbura yana ɓarewa. Abban yara bai ce min komai ba, kallon bangon kawai yake ya kalle ni, ni kam da faɗan yayi da yafi min sauƙi.

Da shekara ta zagayo, sanyi ya ja baya bazara ta fara shigowa, sai ga Babana ya zo mana kwana biyu. Mutum ne da hannunsa bai taɓa rabuwa da ƙasa ba. Na fara zuba masa sunayen abubuwan da zan sake siyowa, ya bari na gama tsaf sannan yace, Uwata ɗauko min takarda da biro tukunna. Na ɗauko. Yace zana min gidan nan kamar tsuntsu ne ke kallonsa daga sama, ki sa ƙofa, ki sa famfo, ki sa inda sokawe yake, sannan ki nuna min ta ina ruwa ke bi idan an yi sama. Nan na yi tsuru-tsuru, shekara guda ina gidan ban taɓa lura ba.

Lissafin da yayi min ranar har yau yana kaina. Yace duk milimita 1 na ruwan sama idan ya sauka kan fili mai mita 1 tsawo mita 1 faɗi, lita 1 ce cif. Muka auna rufinmu, mita 12 sau 10, wato 120. Ruwa mai milimita 25 wanda ba wani abin mamaki bane, lita 3,000 kenan daga kwano kaɗai, duro 15 irin mai cin lita 200, kuma indararo biyu cikin uku duk a kusurwar fulawoyina suke zuba. Nace Baba ashe ni na kai su mahallaka da hannuna, yayi dariya yace bangon ma kin kusa kai shi.

Daga nan ya sa autana ya riƙe bakin igiya, aka buga turaku, aka cika siririn tiyo mai garai-garai da ruwa ana gwada tudu da kwari da shi, tunda ruwa a cikin tiyo kansa ɗaya yake tsayawa ta kowane ɓangare. Yace ƙasar da ke jikin gini dole ta gangara ta bar bango, kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Namu kuwa juyewa yayi, gangaren cikin bangon yake kallo.

Sai maganar rana. Wannan ni ya bar wa aikin, kwana uku ina fitowa ƙarfe 8 da 12 da 4 na yamma ina shata inda inuwa take a takardar, har maƙwabciyata ta leƙo tace lafiya kike zagaye gida da biro kamar mai awon filaye. Amma a nan na gane gefen katangar yamma da nake raina shi ne ke samun rana fiye da awa 6, wanda shi yawancin masu fure ke so, lungun bayan kicin kuma ko awa 3 baya samu, nan sai masu son inuwa.

Ƙasar ma bai ƙyale ta ba. Ya ɗebi kaɗan ya zuba a kwalba, ya cika da ruwa ya girgiza sosai ya ajiye a kan taga. Cikin minti ɗaya yashi ya kwanta a ƙasa, bayan awanni laka mai laushi ta hau kai, yumɓu kuwa sai da ya kwana biyu ruwan bai gama washewa ba, kuma shi ya fi yawa, shiyasa ruwa ke kwanciya. Nace to ga yashin magina nan mu juye a kai mana, yace kul, yashi kaɗan a kan yumɓu tauri yake ƙara masa, taki yake so, ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi wanda ya huce. A ranar muka ware lungu ɗaya na tara busasshen ganye da ɗanyen ciyawa da ɓawon kayan lambu, ana yayyafa ruwa ana juyawa.

Rigimar gaske da dare ta tashi da aka zo rabon fili. Abban yara shi so yake a shafe ko'ina da intalok a huta, ga wajen ajiye mota ga ba sharar ganye, yara suna son wajen ƙwallo, ni ina son ciyawa da bishiya ko guda biyu ce. Muka yi ta ja har na fara hawa sama, Baba na gefe yana jinmu, can yace da Abban yara, idan ka rufe ko'ina ruwan nan lita dubu uku ina zai shiga? Shiru. Ƙarshe aka tsaya a kan intalok daga get zuwa inda mota ke tsayawa, sauran a bar ƙasa ta sha ruwa. Ni ma an rage min buri, dogon yaron da naso dasawa kusa da taga Baba ya soke shi, yace babbar bishiya ba'a matso da ita jikin gini ko sokawe saboda saiwa, can ƙarshen fili za ta. Ya kuma ja min kunne kan rami, faɗinsa ya ninka ƙasar da ke jikin dashen sau 2 ko 3 amma kar ya fi ta zurfi, busasshen ganyen da zan rufa kuma kar ya taɓa jikin itacen.

A bayan takardar ya rubuta min jerin aikin da hannunsa, kwashe ɓaraguzai, gyaran gangare da magudana, tankin tarar ruwan indararo, intalok, taki, shuka ce ta ƙarshe. Ta ƙarshe fa! Ni da na ƙagu. Yace wannan bazarar ko ukun farko kika gama kafin ruwa ya sauka kin yi ƙoƙari.

Abu ɗaya ne bamu sa a zanen ba, inda fayif ɗin ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, domin babu wanda ya sani cikinmu, kuma Baba ya ce in kira mai aikin famfon da yayi gidan ya nuna mana kafin a sa diga. Nace to. Baba ya tafi ranar Laraba, ranar Asabar na ga kiran mai famfo ɓata lokaci ne na samo lebura biyu nace su fara haƙa magudana daga bakin kicin. Ina ciki ina wanke-wanke naji wani ƙas, sai ihun auta, Umma Umma fito ki ga! Na fito da kumfa a hannu, ruwa na tsiri sama ya fi tsayin katanga, leburan ya saki diga ya ja gefe yana salati, ni kuma ban ma san inda ake kashe ruwan gidan ba. Daidai lokacin naji hon ɗin motar Abban yara a bakin get.

Sai sati mai zuwa in Allah ya kaimu.