Abin da na koya wajen gwada lens mai faɗin gani

Yawancin aikin da muke samu a Kaduna cikin ɗaki ake yin sa. Falon gida a Tudun Wada, shagon atamfa a Kasuwar Barci, ko ɗakin amarya a Rigasa wanda gado da kujeru da jeren kwanuka suka cinye fiye da rabinsa. Idan ka ɗora lens mai milimita 50 a irin wannan wuri, za ka yi ta ja da baya har ƙeyarka ta bugi bango, amma mutum biyu ba su shiga firam tare ba. Shi ya sa duk mai ɗaukar bidiyo da ya ɗan tara kuɗi, abin da yake fara nema bayan kyamara shi ne lens mai faɗin gani. Oganmu ya yanke shawarar sayen wanda ba ya zum, mai lamba ɗaya tak, domin irinsu sun fi shan haske kuma sun fi sauƙin ɗauka. Sai ya aro guda uku a wajen abokan sana'a, mai 14 da mai 20 da mai 24, ya miƙo mini ya ce, "Kai za ka fi wahala da shi, je ka gwada ka faɗa mini wanda za mu saya."

Abu na farko da ya fito fili shi ne lambar da ke jikin lens ba ita kaɗai ke yanke faɗin hoto ba, sai an san girman sensar kyamarar da za a ɗora shi a kai, wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta. A kan cikakkiyar sensa, mai milimita 36 da 24, lens na 24 yana ganin digiri 84 daga kusurwa zuwa kusurwa, na 20 yana ganin 94, na 14 kuwa 114. Amma da yawa daga cikin kyamarorin da matasa ke aiki da su a garin nan masu ƙaramar sensa ne, inda ake ninka lambar da 1.5, ko 1.6 in Canon ce. Nan take 24 ya koma kamar 36 ko 38, faɗin da ka biya kuɗinsa ya tafi. Wannan ne ya sa Sigma mai milimita 16 ya karɓu a hannun masu irin waɗannan kyamarori, don a kansu daidai yake da 24. Ba a nan ya tsaya ba. Bidiyo yana yanke sama da ƙasan sensa ya bar siffar allon talabijin, faɗi 16 tsawo 9. Wasu kyamarorin suna ƙara yankewa idan ka koma 4K, kamar Canon 5D Mark IV, wasu kuma sai ka ɗaga gudun firam zuwa 50, kamar Sony a7 IV. In ka kunna na'urar hana rawar hoto ta cikin kyamara, ita ma ta gutsiri nata. Saboda haka ban ƙara yarda in leƙa lens a yanayin ɗaukar hoto in ce na gwada shi ba. Sai na saita kyamara daidai yadda za mu yi aiki ranar shutin, sannan in duba abin da ya rage.

Hoton tsaye yana rufa wa lens asiri ƙwarai. Mai sayarwa zai ɗauki hoton kalanda ko gashin gemun yaron shago, ya zuƙo tsakiyar hoton ya ce ka ga kaifi. Kusan kowane lens na zamani yana da kaifi a tsakiya. Mu kuwa abin da muke ɗauka motsi yake yi, kuma aibin lens mai faɗi a gefe yake zama. Na kafa kyamara a tsakar gidan oga, na fuskanci bangon bulo da ƙofar ƙarfe, na riƙa juya ta a hankali daga hagu zuwa dama. Da mai 14, ƙofar tana shigowa daga gefe da ɗan doro, ta miƙe in ta zo tsakiya, ta sake lanƙwashewa wajen fita. A hoto ɗaya ba lalle ka lura ba, amma a bidiyo sai ka ga kamar ginin yana lilo. Irin wannan lanƙwasa daga ƙirar gilasan take, kuma ana iya gyara ta a cikin kyamara ko a wajen editin, sai dai gyaran yana cin gefen hoto kuma yana rage masa kaifi.

Akwai wata matsalar da ba ta gyaruwa, don ba aibin wani kamfani ba ne, haka lissafin yake: duk abin da ya je gefen firam sai ya miƙe ya yi faɗi. Mahaifiyar oga ta fito tana kallon abin da nake yi, sai na roƙe ta ta zauna a kujera daga can gefe, na juyo mata da monita. Ta daɗe tana dubawa.

"Kai yaro, wace ce wannan kuka baje haka?"

"Ke ce, Hajiya. Gilashin ne ke yin haka in mutum yana gefe."

"To maza matsar da ni tsakiya, kada jikokina su gani su ce cin amanar tuwo nake yi."

Aka yi dariya, amma na riƙe maganar, don rabin kuɗin da muke samu daga biki yake fitowa. A wajen kamu ko walima, waɗanda ke ƙarshen layi in an jeru su ne gwaggo da inna da ƙawayen uwar amarya, kuma su ne za su fi kowa maimaita kallon bidiyon. Ba wadda za ta ce lens ne, cewa za a yi mai ɗaukar bai iya ba. Da mai 24 abin da sauƙi, da mai 20 sai ka bar fili a gefe, da mai 14 kuwa ban ga yadda za a yi a jera mutane a gabansa a rabu lafiya ba.

Sai maganar fokas, wadda ita ta fi ɗaukar mini lokaci. Na ajiye kofin shayi kusa da kyamara, na sa ɗaya daga cikin yaranmu ya tsaya a bakin ƙofa, na riƙa kai fokas daga kofin zuwa fuskarsa ina dawowa, idona a kan gefen firam, ba a kan fuskar ba. A ɗaya daga cikin ukun, labulen da ke gefe yana shiga yana fita, kamar wani na taɓa zum a ɓoye. Numfashi ake ce wa wannan. Mai ɗaukar hoton tsaye bai damu da shi ba ko kaɗan, amma a sin ɗin da mutum biyu ke magana kana sauya fokas tsakaninsu, mai kallo zai ji wani abu na damun idonsa ko da bai san mene ne ba. Sony ta fara sa gyaran numfashi a cikin kyamara tun 2021, sai dai da wasu lens nata yake aiki, kuma shi ma yanke gefe yake yi.

Zoben fokas ɗin kansa abin dubawa ne. A yawancin lens na yanzu zoben ba ya haɗe da gilashi, saƙo kawai yake aika wa ƙaramin moto. A wasu, in ka murɗa da sauri fokas ya yi tsalle mai nisa, in ka murɗa a hankali ya ɗan gusa. Ma'ana, alamar da ka yi da farin salatif lokacin gwaji ba ta da amfani in darakta ya ce a ɗauka. Lens da aka ƙera don fim ba ya haka: zobensa yana da haƙora, yana da inda yake tsayawa, kuma inda ka bar shi jiya nan za ka same shi yau. Amma ba shi da fokas mai sarrafa kansa, mu kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da gimbal, wato mariƙin kyamara mai hana ta rawa, yana tafe da baya a gaban ango, ba wanda zai ja masa fokas. Don haka ba na cewa wannan ya fi wancan sai na san aikin. Na kuma koyi kashe fanka in saurari lens yana neman fokas, domin ƙarar moton da kunne ba ya ji a waje, makirufon da ke kan kyamara yana kwashe ta tsaf.

Haske kuwa shi ne hujjar sayen irin wannan lens tun farko. Wanda idonsa ke buɗewa zuwa 1.4 (ƙaramar lamba, babbar kafa) yana shan haske ninki takwas na mai zum da ya tsaya a 4. A ɗakin da wuta ta ɗauke, ƙwai ɗaya na sola ke ci, wannan bambanci shi ne tsakanin hoto mai tsabta da hoto mai yashi. Sai dai in ka buɗe shi gaba ɗaya kusurwoyi suna yin duhu, gefe ya yi laushi, sai ka ɗan tsuke zuwa 2 ko 2.8 kafin ya daidaita. Na gwada su da abin da muka fi ɗauka, wato farar shadda a rana da leshi mai duwatsu a ƙarƙashin fitilun zauren biki. Nan ake ganin wani siririn layi shunayya ko kore a bakin hula da kafaɗar babbar riga. Na kuma jera fuska ɗaya a lens ukun, don kowane kamfani da yadda gilashinsa ke rina fata, wani ya ja ta zuwa ja, wani zuwa kore. In sabon lens bai jitu da mai 50 da mai 85 da muke da su ba, mai editin ne zai kwana yana daidaita launi.

Waje kuma matsalar juyewa take yi. Muna ɗauka a firam 25 cikin daƙiƙa, shota, wato tsawon lokacin da kowane firam ke shan haske, a 1/50 na daƙiƙa, wanda ya dace da wutar ƙasar nan mai zagaye 50, don kada fitilu su riƙa ƙyaftawa a hoto. Da wannan shota, ranar Maris a Dandalin Murtala ta fi ƙarfin kowane lens sai an sa masa baƙar filta, gilashin da ke rage haske. Mai 14 ɗin da aka ara mana gilashin gabansa a kumbure yake kamar ƙoƙon duma, ba shi da zaren da za a murɗa filta, sai an sayi wani babban akwati na daban an maƙala masa. Sauran biyun sun karɓi filtar da muke da ita, amma filta mai murɗawa in ka kai ta ƙarshe a kan lens mai faɗi takan zana duhu mai siffar gicciye a sararin sama. Ga kuma ƙura. Wanda ya taɓa aiki a hazon hunturu ya san abin da sauya lens a fili yake jawowa, kuma lens marar zum dole ka yi ta cirewa kana mayarwa. In ka tsuke idonsa, duk ɗigon ƙurar da ke kan sensa sai ya fito a sama ɓaro-ɓaro.

Darasin da ya fi zauna mini ba a jikin gilashin yake ba. Lens mai faɗi ba ya ƙara wa ɗaki girma, aiki yake ƙara wa 'yan lokeshan. Komai yana gani: sandar makirufo, ƙafar fitila, wayar janareta, takalman da aka tara a bakin ƙofa, yaran maƙwabta da ke leƙe ta taga. Wurin da a da za ka gyara kusurwa ɗaya ka ɗauka, yanzu sai ka gyara ɗakin duka, kuma mai fitila ya rasa inda zai ɓoye kayansa. Sannan in kana son fuska ta cika firam da mai 20, sai ka matso har kusan tsawon hannu. Ɗan wasan da ya saba ba zai damu ba, ko da yake hancinsa zai ƙara girma. Amma namiji ya kawo kyamara dab da fuskar matar aure a gidan biki, ko ya tsaya a kan dattijo yana hira da shi, wannan ba ya yiwuwa a wurinmu, kuma ba takardar bayanin lens da za ta gaya maka haka. Aikin mai faɗi shi ne ɗaukar shigowa da nuna wuri da bin mutum yana tafiya, inda yake ɓoye rawar hannu fiye da dogon lens. Fuska kuwa a bar wa mai 85, a tsaya daga nesa cikin mutunci.

Tunda na hannu za mu saya, na ƙara da abin da ake yi wa kowane tsohon lens. Ka haska fitilar waya ta bayansa ka leƙa, ko akwai fumfuna, wadda danshin damina ke haifarwa in an bar shi a jaka. Ka girgiza shi a hankali kusa da kunne. Ka sa wani abu mai nisa, kamar hasumiyar masallaci, a kowace kusurwa ta huɗu, ka gwada su. In ɗaya ta fi sauran dushewa, lens ɗin ya taɓa faɗuwa ko kuma tun daga masana'anta gilashinsa a karkace yake, kuma gyaransa ba abin da za ka samu a kusa ba ne.

Ni mai 20 na so, saboda gimbal da ƙananan ɗakuna. Da na zayyana wa oga, sai ya tambaye ni abu ɗaya, a cikin aiki goma nawa ne ba mutane a gaban kyamara. Na ce, "Da wuya a samu ɗaya, Oga." Ya ce to mai 24 za a saya. Har yanzu in muka shiga ɗakin da ya matse ina ganin digiri goman nan da muka bari, kuma na kan faɗa masa. Mai 14 kuwa mun bar shi a haya, sai ranar da dillalan gidaje suka kira mu ɗaukar sabon gini a Unguwan Rimi ko Malali, inda ba kowa a ɗakin sai tayil da fenti, kuma mai gidan so yake falon ya yi girma.