Gidan nasa ne, sunansa ne a takardar haya

Duk wanda ya yi aikin keya a Ingila, wato kula da tsofaffi da masu naƙasa, ya san gidan kula daban, gidan da ake tallafa wa mutum ya zauna da kansa daban, ko da yake wasu manajoji suna yi kamar ba su sani ba. A na biyun, sunan mutumin ne a takardar haya. Ƙaramar hukuma tana biyan awoyinmu, hukumar CQC tana duba yadda muke kula da shi, amma ƙofa tasa ce, sai ka ƙwanƙwasa. Na bar wata ƙungiyar Kirista mai irin waɗannan gidaje a arewacin ƙasar, kuma a kan wannan ƙofar muka raba gari.

Akwai wani bawan Allah mai lalurar Down, wadda ake haifar mutum da ita take rage masa saurin koyo, ya haura hamsin, wanda nake yi wa shif. Shayinsa da kansa yake haɗawa, yana bin hotunan da muka manna a jikin kabad: buta, kofi, madara, suga cokali biyu. Kuɗin cefanensa a gwangwanin biskit yake ajiyewa, ya zube su a tebur ya ƙirga, kuma kada ka kuskura ka sa hannu. Kowace Lahadi bas ɗin ƙungiya kan kwashi mazauna gidajen zuwa cocin da ke ba mu gudummawa. Wata rana ya ce shi ya daina zuwa. Ganguna da lasifika suna damunsa, ya fi son ƙanwarsa ta ɗauke shi zuwa ƙaramar majami'ar da iyayensu suka yi sujada. Na tambaye shi da baki, na tambaye shi da hoto, amsa ɗaya. Na rubuta a rahoton ranar kamar yadda ya faɗa.

Litinin manaja ta kira ni. Da murmushi ta fara, kamar kullum. "'Yar'uwa, ki gyara rahoton nan, ki ce ba ya jin daɗi ne. Mutanen coci sun saba ganinsa a gaba."

Na ce, "Madam, lafiyarsa ƙalau. Cewa ya yi ba ya so."

"Ke Kirista ce fa. Ba kya son ya ji Maganar Allah?"

A cocin ECWA na tashi, a zumuntar mata uwata ta tsufa, ba wanda zai koya mini darajar Lahadi. Amma dokar 2005 kan ikon yanke shawara, wadda ita manajar ce ta tura mu kwas a kanta, ta ce a ɗauka mutum yana da hankalin zaɓa wa kansa sai an tabbatar da akasin haka, kuma ko zaɓinsa bai yi maka ba, wannan ba hujja ba ce. Balle mutumin nan ba barin ibada ya yi ba, wuri ya sauya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ake so shi ne fuskarsa a hoton da za a aika wa masu ba da kuɗi.

Ban gyara ba. Sati bai zagayo ba aka mai da ni shif ɗin dare a wani gida mai nisan bas biyu, aka kuma rubuta a fayil ɗina cewa ba na tafiya da ruhin ƙungiya. Abokan aikin da suka ji komai da kunnensu suka yi gum, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Yawancinmu da bizar keya muka shigo bayan an buɗe ta a Fabrairun 2022, bizar kuwa a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka. In aiki ya ƙare, kwana 60 ake ba ka ka samo wani mai ɗaukar nauyi. Manaja ta san wannan lissafin sarai, shi ya sa muryarta ba ta taɓa tashi.

Masu cewa wurin masu bi ba a zalunci, su tuna L'Arche, ƙungiyar da masu bi suka kafa mai gidajen masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Jean Vanier ya kafa ta a Faransa a 1964, duniya tana yi masa kallon waliyyi, sai a 2020, bayan rasuwarsa, binciken da ƙungiyar ta sa aka yi ya nuna ya ci zarafin mata shida. Na yi aiki da masu bi na ƙwarai, waɗanda za su kwana a asibiti da mai jinya ba a biya su ba. Addu'ar safe dai ba ta maye gurbin mai sa ido.

Shawarata ga masu wannan aiki ba ta da yawa. Rubuta abin da mutum ya faɗa da kalmominsa, ka sa lokaci. Shiga ƙungiyar ƙwadago tun kafin ka buƙace ta. Ka san lambar sashen kare manya masu rauni na ƙaramar hukumarku. Ƙanwar mutumin nan can ta kai ƙara, aka zo aka karanta rahotona, yanzu ita ke ɗaukarsa ran Lahadi. In an ce maka "nan duk iyali ɗaya muke", nemi kwantiraginka a rubuce.

Manajar tana nan a kujerarta. Takardar shaidar aiki da ta ba ni layi biyu ce: ranar da na fara da ranar da na bari.