Babin da aka sa ni na cire

Na kammala digiri na biyu, kuma kafin in tattara komatsaina daga sashen ina so in bar wannan ga ƙannena masu shirin zaɓar malamin da zai duba musu aiki.

Bincikena a kan hotunan kiwon lafiyar yara ne a farkon Tarayyar Sobiyet. A 1918 aka kafa hukumar lafiya ƙarƙashin Nikolai Semashko, Vera Lebedeva kuma ta riƙe sashen kula da uwa da jariri. Hotunan lokacin suna kama ido: ma'aikaciyar jinya cikin fararen kaya tana ɗora jariri a kan sikeli, gadaje jere a ɗakin reno na masana'anta iyaye mata suna bakin aiki, sansanin Artek da aka buɗe a Kirimiya a 1925 don yara masu alamun tarin fuka. Ban taɓa cewa ƙarya ba ne. An gina asibitocin, an ceci rayuka.

Abin da na ce shi ne, mujallu irin su Ogonyok abin da hukuma ta yarda a gani suke bugawa. Yunwar 1921 an bar baƙi sun ɗauki hotonta saboda ana neman agaji daga waje. Ta 1932 zuwa 1933 kuwa, wadda ta kashe miliyoyi a Yukren da Kazakistan, gwamnati cewa ta yi babu ita. Cikin 'yan hotunan da suka tsira akwai na Alexander Wienerberger, injiniya ɗan Ostiriya, da ya ɗauka a ɓoye a birnin Kharkiv na Yukren: gawa yashe a bakin titi, mutane na wucewa. Na sha wuyar tantance su, domin da yawa daga waɗanda ke yawo da sunan 1933 na 1921 ne.

Malamin da ke duba aikina ya bi babin da na rubuta kan wannan yunwa da jan biro tun daga farko har ƙarshe. A Mosko ya yi karatu, da tallafin Sobiyet, na kuma san ƙasar tana da matsayi a zuciyarsa.

"Yaro, ka taɓa taka ƙasar?"

"A'a, ranka ya daɗe, amma ga hotunan."

Ya ce farfagandar Amurka ce, in cire ko in ƙara shekara. Ba ni da kuɗin wata shekara, na cire. Ranar kare kundi, mai jarrabawa daga waje ya tambaye ni yadda aka yi na tsallake 1933 kamar ba a yi ta ba. Malam na zaune a gefe yana latsa waya, bai ce uffan ba. Makina aka rage. Har yau in na tuna shirun nan sai raina ya ɓaci.

Saboda haka duk gyaran da aka ce ku yi, ku nemi a ba ku a rubuce. Ku binciki wanda ya ɗauki hoto da wanda ya biya shi kafin ku yaba kyansa. Kada ku amince da shekarar da kuka gani a intanet.

Babin kuwa ban sauya masa ko waƙafi ba. Na tura shi wata mujalla, da sunana ni kaɗai.