Ranar da na zuba kwalba ashirin da huɗu

Talata, 14 ga Janairu

Bayan sallar asuba ban koma barci ba, domin tun daren jiya hankalina yake kan kwalabe huɗun kyandir mai ƙamshi da na zuba na gwaji. Na kunna fitilar waya na shiga ɗan ɗakin da ke jikin kicin, wanda maigida ya bar mini tun bara, na riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga cikinsu sun yi furu-furu a gefe, kamar ƙafar yaron da ya tafi makaranta bai shafa mai ba. A ta ukun kuma kakin ya janye daga jikin gilashi ta wani ɓangare, ya bar tabo mai kama da lema, alhali iska ce kawai ta shiga tsakani. Ta huɗun ce kaɗai ta fito sumul, kuma ita ce wadda na manta da ita a cikin kwali, can bayan buhun kaki, inda iskar taga ba ta kaiwa. Ma'aunin zafin da na rataye a bango ya nuna digiri 16, nan take na gane cewa sanyin hunturu ne ya daskarar da sauran da gaggawa.

Wannan furfurar ba ta hana kyandir ci, ba ta kuma rage masa ƙamshi, hali ne na kakin waken suya idan ya huce da sauri. Amma mai saye da ido yake fara saye, kuma aikin da ke gabana na biki ne. Wata Hajiya ce, ƙawar yayata, ta ba ni aikin kwalba 24 da za a raba wa ƙawayen amarya ranar kamu, Juma'a 31 ga wata, har ta biya rabin kuɗi. Idan ban zuba su cikin kwanakin nan ba, ba za su sami mako biyun da suke bukata na zama kafin ƙamshinsu ya kama ba, don haka yau ba ranar nawa ba ce.

Da na sallami yara makaranta sai na hau adaidaita sahu zuwa kasuwar Sabon Gari, saboda kwalaben da ke hannuna ba su cika ba. Hazo ya rufe gari har ba a hango ƙarshen titi sosai. Na daɗe a shagon ina juya kwalabe, domin ba kowace kwalba ce ke jure zafin wuta ba: ina neman mai kaurin gilashi, miƙaƙƙiya daga gindi zuwa baki, wadda faɗinta bai wuce santimita bakwai ba, tun da da wannan faɗin na gwada lagwanin da nake da shi. Mai shagon ya ga ina awo da ɗan tef ɗin ɗinki, ya ce, "Hajiya, zuma za a zuba ko yajin jego?" Na ce masa, "Kyandir ne, Alhaji." Ya yi shiru yana kallona, sannan ya ce, "To ai yanzu kowa yana da fitilar caji, wa zai sayi kyandir?" Na yi dariya kawai na biya shi. Shekara biyu ke nan ina amsa wannan tambayar, domin a wurinmu idan aka ce kyandir, abin da ke zuwa wa mutum shi ne farin dogon nan da ake ɗiga wa a gindin gwangwani idan an ɗauke wuta, kuma sai an sha bayani kafin a yarda cewa akwai wanda ake kunnawa don ƙamshi ko da wuta tana nan.

Na wanke kwalaben da ruwan ɗumi, na kife su a rana har suka bushe ƙayau, domin ɗigon ruwa ɗaya idan ya shiga kaki sai kyandir ya riƙa tartsatsi. Bayan azahar na fara aikin gadan-gadan. Kowace kwalba tana cin giram 185 na kaki, turare kuma ina sa kashi takwas cikin ɗari na nauyin kakin, wato kusan giram 15, don haka duka aikin ya kama kilo huɗu da giram 440 na kaki da kimanin giram 355 na turare. Jug ɗin ƙarfen da nake narkawa a ciki ba ya ɗaukar fiye da na kwalba takwas, sai na raba aikin gida uku. Ba na ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. Tukunyar ruwa nake ɗorawa a kan gas, in zaunar da jug ɗin a ciki, kakin ya narke da zafin ruwan a hankali. Kafin ya narke kamar sabulun da aka kankare yake, fari sol, da ya narke kuwa sai ya koma kamar man gyaɗa mai haske.

Ina tsaye da ma'aunin zafi a hannu Inna ta leƙo, wato mahaifiyar maigida, wadda ta zo mana kwana biyu ganin likita. Ta ɗebi kakin a tafin hannu ta murza, ta sansana, ta ce, "'Yar nan, wannan ne kika ce na waken suya? Waken da ake awara da shi?" Na ce, "Shi ne, Inna." Na yi mata bayanin iya abin da na sani: man waken ake tatsa, a haɗa shi da iskar haidurojin a masana'anta har ya daskare, kamar yadda ake yin botar shafa wa burodi, kuma a Amurka aka fara yin kyandir da shi a farkon shekarun 1990, lokacin da ake neman abin da bai kai kakin zuma tsada ba. Ta jinjina kai ta ce, "Ikon Allah, ga wake nan jibge a ƙasarmu, amma sai an kawo miki daga Amurka." Ban sami abin cewa ba, don wannan maganar ta daɗe tana ci mini rai. Ana noman waken suya sosai a Binuwai da Kaduna da ma nan Kano, amma buhun da ke gabana ta Legas ya shigo daga waje, kuma duk lokacin da dala ta motsa sai farashinsa ya bi ta.

Da zafin ya kai digiri 85 a ma'aunin Selshiyas na sauke jug ɗin, na zuba turaren, na juya a hankali minti biyu cur ina duban agogo. Haɗin da Hajiya ta zaɓa na sandal ne da ɗan miski, kuma man turare ne da aka yi musamman don kyandir. Na koyi wannan da wahala, domin a farkon fara sana'ar na taɓa tsiyaya humra a cikin kaki ina ganin na yi dabara, sai ta ƙi haɗuwa ta kwanta a gindin kwalba, na yi asarar kakin da humrar gaba ɗaya. Turaren fesawa ma haka, sinadarin da ke cikinsa mai saurin kama wuta ne, ba a kai shi kusa da wannan aiki.

Ɗakin ya gauraye da ƙamshi, amma Inna ba ta ba da kai ba. Ita ta zauna a Maiduguri shekaru da dama, kuma har yau ba ta tafiya ko'ina sai da kaskonta da kwalbar turaren wutarta. Ta ce, "Ƙamshin da bai kama tufa ba, ai na baƙo ne, da ya tashi ya tafi." Gaskiyarta ne, kuma ban yi mata musu ba. Kyandir ba ya turara zane, ba ya shiga gashi, ba ya yin abin da garwashi da kabbasa suke yi wa kayan amarya. Abin da yake yi shi ne ya cika ɗaki da ƙamshi mai laushi na tsawon sa'o'i ba tare da an hura gawayi ba, kuma masu sayensa a wurina galibi matan da ke aiki ne, ko waɗanda hayaƙin turaren wuta yake sa su tari. Ban kuma yarda da masu tallar da ke cewa kakin waken suya ba ya hayaƙi ko kaɗan ba. Duk lagwanin da aka bari ya yi tsawo zai baƙanta bakin kwalba, ko da wane irin kaki aka yi shi.

Kafin kakin ya huce na manna lagwani a tsakiyar kowace kwalba, na matse shi tsakanin tsinken tsire biyu da na ɗaure da robar kuɗi, na gitta su a bakin kwalbar don kada ya karkace. Darasin safiya shi na bi: na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na jera kwalaben a cikin kwali tun suna da ɗumin rana, sannan da ma'auni ya sauko digiri 57 na zuba a hankali ta gefe don kada kumfa ya shiga. Na rufe kwalin da tsohon bargo, ban bari ya taɓa bakin kwalaben ba. Takardar da ke zuwa da kakin ta ba da waɗannan alƙaluma duka, amma wanda ya rubuta ta bai san hunturun Kano ba, bai kuma san Afrilunta ba. A watan Afrilun bara, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, na aika kwalba goma Kaduna ta tasha, direban ya sa su a but, suka isa sun narke sun karkace, lagwani ya kwanta a gefe, domin wannan kakin tun kafin digiri 50 yake sakin jiki. Tun daga ranar nake rubuta zafin ɗaki a littafina kusa da kowane zubi, kuma littafin nan ya fi takardar kamfanin yi mini amfani.

Ina cikin zubi na uku, wajen la'asar, Hajiya ta kira. Bayan gaisuwa ta ce akwai walimar saukar ƙanwar amarya wannan Juma'ar, tana son in ƙara mata goma sha biyu irin na bikin. Raina ya biya ƙwarai, don kaki yana nan kuma kuɗin makarantar yara ya matso. Amma na ce, "Ranki ya daɗe, idan na zuba yau, zuwa Juma'a kwana uku ke nan. Zai daskare, zai yi kyau a ido, a sansana a ji ƙamshi, amma idan aka kunna ƙamshin ba zai tashi yadda ya kamata ba, sai ya kwana goma zuwa mako biyu kakin ya riƙe turaren." Ta ce, "Haba 'yata, wa zai sani? Ai rabawa za a yi." Na ce mata lambar wayata tana manne a gindin kowace kwalba, kuma wadda ta kunna ba ta ji komai ba ni za ta tuna. Na yi mata tayin guda bakwai masu ƙamshin lemon tsami da suka rage mini tun watan Disamba, waɗanda suka zauna sosai. Ta ce za ta yi shawara, amma daga muryarta na ji ba ta ji daɗi ba.

Bayan magariba na kunna kwalbar gwaji da na zuba mako biyu da suka wuce, mai irin lagwanin da na sa wa na bikin. Na datse shi ya rage milimita shida, na ajiye ta a kan teburin falo nesa da labule da hannun yara. Bayan awa ɗaya narkakken kakin ya kai faɗin murfin kwalbar lemo sau biyu, bayan awa uku ya taɓa gilashi ta kowane gefe, harshen wutar yana tsaye ba ya rawa. Wannan shi nake nema, domin idan lagwani ya yi ƙanƙanta sai wutar ta haƙa rami a tsakiya kamar rijiya ta bar kaki a gefe, idan kuma ya yi girma sai kwalba ta yi zafi fiye da kima, kyandir ya ƙare da wuri. Shi ya sa nake rubuta wa masu saye a takardar da nake mannawa cewa kunnawar farko su bari ya narke har baki, kada kuma su wuce awa huɗu. Inna tana zaune tana lazimi duk tsawon lokacin, ba ta ce komai ba, sai da za ta shiga kwana ta ce in ajiye mata ƙarama guda ɗaya, wai za ta kai wa maƙwabciyarta.

Na yi lissafin ranar kafin in kwanta, wannan karon har da gas da kuɗin mota da takardar mannawa, abubuwan da a shekarar farko ban taɓa sawa a lissafi ba, nake ta murnar riba alhali uwar kuɗi nake ci. Abin da ya rage a kan kowace kwalba bai kai yadda nake zato ba, don haka daga wata mai zuwa dole in ƙara farashi, ko da wasu za su ja baya.

Ƙarfe goma sha ɗaya na ɗaga gefen bargon na haska da waya. Na zubin farko sun yi fari, samansu a shafe, in ban da guda biyu da suka ɗan lotsa kusa da lagwani, waɗanda zan gyara da handiraya, wato na'urar busar da gashi, gobe idan an kawo wuta. Na zubi na uku har yanzu tsakiyarsu da sauran duhu, ban taɓa su ba, na mayar da bargon. Saƙon da na tura wa Hajiya da hoton kwalabe bakwai ɗin ya nuna ta buɗe tun ƙarfe tara, amma har na kashe fitila ba ta ba da amsa ba.