Rama da jinyar ciwon dajin ciki: abin da na gani a wurin mahaifina

Mahaifina dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma da aka tabbatar yana da ciwon dajin ciki, ni aka ɗora wa kula da abincinsa da kai shi asibiti daga gidanmu na Agege zuwa Idi-Araba. Tun kafin a gano cutar ya fara ramewa, amma babbar riga tana rufa wa mai rama asiri, shi ya sa abokan kasuwarsa suka ɗauka wahalar Legas ce kawai, har sai da agogonsa ya fara zamewa daga wuyan hannu.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda ake ɗora shi a sikeli kafin kowane zagaye na maganin kemo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin cutar daji. Likita ta bayyana mini cewa da nauyin majinyaci da tsawonsa ake lissafa yawan maganin, saboda haka idan nauyi ya sauka sosai dole a sake lissafi. Ta ce wanda ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata 6 ba tare da ya nufa ba, wato kilo 3.5 ga mai kilo 70, ya shiga irin ramar da dajin ke haddasawa, wadda ta fi yawa a masu dajin ciki da na fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. Wannan rama ba ta rashin ci ba ce kaɗai, domin cutar tana sa jiki ya riƙa cinye tsokarsa ko da mutum yana cin abinci. Majinyacin da tsokarsa ta zube ya fi shan wahalar magani, an fi ɗage masa zagaye ko rage masa ƙarfin maganin, kuma raunin tiyata ya fi daɗewa bai warke masa ba.

Daga nan na sayi sikeli, na riƙa auna shi sau ɗaya a mako da safe, da kaya marasa nauyi, ina rubutawa a littafi. Mai ba da shawarar abinci ta ce yana bukatar giram 1 zuwa 1.5 na sinadarin gina jiki ga kowane kilo na nauyinsa a rana, alhali ƙwai guda bai wuce kusan giram 6 ba. Sai muka bar malmalar tuwo da ke tayar masa da zuciya, muka koma ci kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunun gyada mai kauri da madara, alale da ƙwai, farfesun kifi. A ganina matsa wa mara lafiya a kan abinci ba ya haifar da ɗa mai ido. Idan ya kawar da kai nakan ce, "Baba, bari in ajiye, in an jima mu sake gwadawa," kuma sau da yawa yakan karɓa.

Sikeli ma yana iya ruɗin mutum. Akwai makon da nauyinsa ya hau har ƴan dubiya suka fara yi mana barka, amma da likita ta danna ƙafarsa da yatsa sai wurin ya loɓa bai dawo da wuri ba. Ruwa ne ya taru, ba tsoka ba. Tun daga ranar nake haɗa awo da lura da ƙarfinsa: ko yana tashi daga kujera ba tare da an kama shi ba, ko yana iya takawa masallacin unguwa.

Bayan tiyatar da aka cire masa wani sashe na tumbinsa nauyin ya sake sauka, kamar yadda aka gargaɗe mu, sannan ya tsaya wuri guda. Ya kammala zagayen maganinsa, kuma har yanzu ina zuwa da littafin duk ranar ganin likita, domin da shi take fara duba ko akwai abin da ya canza.