Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Jirgin da bai ɗauko buhu ba

Salamu alaikum jama'a. Wancan satin mun tsaya a rasuwar Baba da rabon gado, inda ni na tashi da tsohon kwale-kwalen nan mai yoyo ta gindi, Baffa kuwa ya riƙe babban jirgi mai inji wai amana ce sai mun yi hankali. Yau ga furfura har a gemuna, ina jin dai hankalin ne bai zo ba tukuna.

To a shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ne, 1991, na ja kwale-kwalen zuwa tudu a bakin ruwan Yawuri, na kwana uku ina cusa tsumma a tsagar katako da bakin wuƙa ina bi da narkakkiyar kwalta, har yau akwai tabon ƙuna a babban yatsana. Kaya dai ba zai iya ɗauka ba, buhun albasa biyar ma sai ya nutse da ni. Amma na daɗe ina lura duk ranar Sallah yaran cikin gari sai su gangaro bakin ruwa da sabbin kaya su yi cirko-cirko suna kallon jirage, yaran da an haife su a nan Yelwan Yawuri amma ƙafarsu ba ta taɓa hawa ruwa ba. Sai na sa kafinta ya buga min benci uku, na shafa fenti kore da fari, na ɗaura rumfar tabarma a sama. Sule biyar kowane kai, in tuƙa su da filafili mu zaga kusa da gungu mu dawo.

Ranar farko ina cikin ɗora yara sai ga Baffa ya sauko daga tashar jirgi, ya tsaya hannu a baya ya kalli fentin, ya kalle ni, ya ce wanga yaro mi kake yi haka? Na ce Baffa sana'a ce. Sai ya yi dariya a gaban matuƙa kaf ya ce jirgin da bai ɗauko buhu ba ai bai je ko'ina ba. Aka kwashe da dariya. Wallahi da mari ya yi min da tuni na manta.

Da dare na juye kuɗin a faranti gaban Inna, silalla ne duk sun jiƙe suna ƙarnin kifi, ta ƙirga ta sake ƙirgawa, ta ce ka bar shi da bakinsa, ƙanin ubanka ne. Da kuɗin nan na yi aure, da su na sayi Yamaha ta hannu mai doki 15, kuma daga baya har amare ake kawo min da ƙawayensu, da ma'aikatan da aka turo aiki garin, mai hoto yana tsaye a gaɓa yana ɗauka. Bai je ko'ina ba fa.

Abin da Baffa bai taɓa faɗa wa mutane ba shi ne ni Baba ya koya wa ruwan nan ba ɗan Baffa ba. Tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya hau ya cinye gungaye da gonaki aka kwashe mutane zuwa tudu, itatuwan da ke wurin ba su tafi ko'ina ba, suna nan tsaye a ƙarƙashi. Baba yakan buga gwangwala ya ce saurara, nan akwai kututture, can tsohuwar tsamiya ce. Kuma ruwanmu sau biyu yake cika, akwai farin ruwa na damina mai laka, sai kuma baƙin ruwa da ke isowa da sanyin hunturu tun daga can ƙasar Gini da Mali, kowanne da halinsa. Wanda zai ɗauki ɗiyan mutane yawo dole ya san wannan fiye da mai ɗaukar albasa, don buhu ba ya miƙewa tsaye a tsakiyar ruwa ya ce zai taɓa kainuwa.

Na tsallake shekaru da yawa na sani, za mu dawo. Abin Warra ne ya faɗo min a rai, watan Mayu 2021, jirgin nan da ya kife da 'yan kasuwa a yankin Ngaski, Allah ya jiƙansu. Babbar Sallar da ta biyo baya na wanke jirgi na jera rigunan kariya da na ci bashi na saya, har la'asar yara huɗu kawai na ɗauka, kuma ban ga laifin iyaye ba ko ni ne ba zan bari ba. Muna ɗan farfaɗowa sai ga cire tallafin mai a 2023, na cire injin na kai ɗaki na koma filafili kamar ranar farko, kafaɗa kuma ba ta jiya ba ce.

Amma ku ji inda zancen yake. Sallar bara ina zaune a inuwa sai na ga wani jirgi ya sha fenti shuɗi, da rumfa da lasifika, samari na ɗaukar bidiyo da waya. Na ƙura ido, wallahi babban jirgin Baba ne, na gane shi ta facin da ke hancinsa don ni na riƙe ƙusa ranar da aka yi shi. Ɗan Baffa ne a kan inji yana kiran a zo a sha iska. Ya hango ni ya ɗaga hannu ya ce Yaya barka da Sallah. Na ce barka kadai, ina buhun? Bai gane ba, lokacin da aka yi maganar yana goye.

Baffa yanzu ba ya fita, ido ya tafi. Na je gaishe shi da yamma da niyyar sai na tuna masa, Inna ta riga ta aiko ƙanwata ta tare ni a zaure. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu za ku ji yadda muka kwashe.